Jirgin da Ya Iso da La'asar: Tarihin Layin Dogo na Gombe

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ta wajen tashar jirgin ƙasa ta Gombe a 'yan shekarun nan zai tarar da gine-gine suna nan a tsaye, dogo kuma yana nan a shimfiɗe, amma babu mai jiran isowar komai. Ciyawa ta lulluɓe wasu sassan digar, awaki suna kiwo a wuraren da a da ba a barin yaro ya tsaya. Da yawa daga cikin ɗalibanmu a garin nan aka haife su, a nan suka yi wayo, amma ba su taɓa sayen tikiti a wannan tasha ba. Labarin jirgi a wurinsu ya zama irin labarin da kakanni kan bayar bayan sallar lisha.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda layin dogo ya samu a Nijeriya, da yadda ya iso Gombe, da yadda yake aiki, sa'an nan mu nemi dalilin da ya sa bai yi tsawon kwana ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce sakaci da almundahana, kuma ba mu musa wannan ba. Sai dai muna ganin akwai wasu dalilai biyu da suka riga sakacin zuwa. Na farko shi ne manufar da aka gina layin a kanta, wato kwashe amfanin gona zuwa bakin teku. Na biyu shi ne lokacin da ya iso mana, domin ya iso ne sa'ad da kasuwar da aka gina shi dominta take shirin watsewa. Wajibi ne mu fahimci waɗannan biyun, musamman yanzu da ake ta maganar sake farfaɗo da layin.

Asalin Dogo a Nijeriya

A ƙasar Ingila aka fara jigilar jama'a da kaya a kan dogo da ƙarfin tururi, a shekarar 1825. Sai da aka yi shekara saba'in bayan haka kafin Turawan mulkin mallaka su sa diga a ƙasa a Legas, a shekarar 1896. Layin ya isa Ibadan a 1901, ya isa Ilori a 1908, ya kuma tsaya a Jebba, bakin kogin Kwara, a 1909. Faɗin da aka zaɓar wa dogon shi ne ƙafa uku da rabi, wato milimita 1,067. An zaɓi wannan ƙaramin faɗi ne don ya fi arha, ya kuma fi sauƙin lanƙwasawa a kewaye duwatsu da ƙoramu maimakon a fasa su ko a gina manyan gadoji. Wannan tsimi na farko shi ne ya ɗaure wa jirgin Nijeriya ƙafa har tsawon ƙarni guda, kamar yadda za mu gani a gaba.

A Arewa kuwa, Gwamna Lugga ya fi son a sami layi na daban wanda bai dogara da Legas ba. Shawararsa ita ce jiragen ruwa su hauro da kaya ta kogin Kwara zuwa garin Baro, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauka zuwa Kano. Wanda ya gaje shi a 1907, Percy Girouard, injiniyan dogo ne wanda ya yi irin wannan aiki a Sudan, kuma a zamaninsa aka soma aikin. Layin Baro zuwa Kano, mai tsawon kimanin kilomita 570, ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. A wannan shekara ce kuma aka haɗe shi da layin Legas, wanda ya riske shi a Minna, aka mai da su hukuma guda. Ke nan dogo ya riga takarda haɗa Kudu da Arewa da shekara biyu, tun da sai a 1914 aka yi haɗewar mulki.

Bai kamata mu wuce wannan zango ba tare da tuna waɗanda suka yi aikin da hannunsu ba. Mafi yawan leburorin talakawa ne da aka ɗebo daga ƙauyuka ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Sun haƙa ƙasa, sun ɗauki duwatsu a ka, sun bar gonakinsu. Har harshenmu ma bai manta ba. Kalmar diga, wadda asalinta sunan abin haƙa ƙasa ne, ita ce ta zama sunan hanyar jirgin kanta, kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda aka yi aikin a zamanin sarautarsa, ya bar mana Waƙar Diga a kan wannan al'amari. Haka nan kalmomin reluwe da tasha da lebura da tikiti da fasinja duk sun sami gindin zama a Hausa ne tare da zuwan jirgi.

Abin da Turawa suka sa rai jirgin Kano zai kwaso musu shi ne auduga, domin ciyar da masaƙun Lankasha. Amma manoma da fataken Kano suka duba inda riba take, suka rungumi gyaɗa. A shekarar 1913 kaɗai an fitar da fiye da tan 19,000 na gyaɗa daga Nijeriya, mafi yawanta ta tashar Kano. A cikin wannan ciniki ne irin su Alhassan Ɗantata suka shahara. Dalar gyaɗa ma da muke alfahari da hotonta tana da wata fuska ta biyu: buhunan sukan taru su yi tsauni ne saboda jirgin ba ya iya kwashe su da saurin da ake kawo su.

Layi na biyu ya taso ne daga gabas. Bayan an gano kwal a Udi a 1909, an gina dogo daga Fatakwal zuwa Enugu tsakanin 1913 da 1916. Daga nan aka miƙa shi ta Makurɗi da Kafancan har ya haɗu da layin Kano a Kaduna a 1927, aka kuma fitar da reshe daga Kafancan zuwa Jos saboda kuza. Layin Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai kuma a 1932. Idan muka dubi taswira za mu ga kowane layi ya faro ne daga tashar jiragen ruwa ya ƙare a inda ake samun wani abin fitarwa: gyaɗa, auduga, kuza, kwal, fatu da ƙiraga. Ba a gina layi ko ɗaya don ya sada wannan masarauta da maƙwabciyarta ba.

Rabin Ƙarni na Jira

A duk tsawon wannan lokaci ƙasar Gombe tana gefe. Masarautar da Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na sha tara, tana da fadarta ne a Gombe Abba. Bayan zuwan Turawa an mai da hedkwata Nafaɗa a 1913, sa'an nan aka dawo da ita Doma a 1919, inda birnin Gombe yake a yau. Wato a lokacin da jirgi ya shiga Kano, garin da muke zaune a cikinsa bai ma zama mazaunin Sarki ba tukuna.

Akwai wani abin ban dariya a tarihin wannan jira. Tun a 1914 akwai wani siririn layi da ake kira da sunan Bauchi, wanda ya taso daga Zariya ya haura tsaunukan Jos har Bukuru. An ba shi wannan suna ne don a lokacin tsaunukan suna cikin lardin Bauchi, amma har aka rufe shi a 1957 bai taɓa taka birnin Bauchi ba, balle Gombe. Kuza aka gina shi ya ɗauko, kuma inda kuza ta tsaya nan ya tsaya.

Abin da ya jawo hankalin hukuma zuwa wannan yanki shi ne auduga. A shekarun 1950 noman auduga ya bunƙasa ƙwarai a ƙasar Gombe, musamman a baƙar ƙasar da ke kudancin masarautar, inda manoma daga wurare dabam-dabam suka yi ta kwararowa suna saran sababbin gonaki. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila ta kafa injin gurza a cikin garin, kuma har yau unguwar da ke wajen tana amsa sunan BCGA. Wata baturiya mai bincike, Mary Tiffen, ta rubuta littafi sukutum a kan wannan ƙwazo na manoman Gombe, wanda aka buga a 1976. Abin lura a nan shi ne, arzikin audugar ya riga jirgi zuwa. A kan manyan motoci ake ɗora dilolin a kai su Jos kafin su hau dogo. Jirgin ya zo ne ya tarar da kasuwa ta riga ta ci, kuma ya tarar da mota ta riga ta san hanya.

Shimfiɗa Layin Barno

A shekarar 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a matsayin hukuma mai cin gashin kanta, dokar da ta kafa ta kuma ta ba ta ikon mallakar harkar dogo ita kaɗai a faɗin ƙasa. Babban aikin da ta sa a gaba shi ne miƙa layi zuwa Arewa maso Gabas. A shekarun da ake wannan shiri, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauchi, shi ne Ministan Sufuri, kafin ya zama Firayim Minista a 1957. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 don harkar jirgin ƙasa, kuma wannan shi ne rance na farko da bankin ya taɓa ba Nijeriya. Aka ba kamfanin Stirling-Astaldi kwangilar aikin.

Layin ya ɓalle ne daga Kuru, kudu da Jos, ya gangaro daga kan tsauni ya isa Bauchi a 1961. Ya iso Gombe a 1963, a zamanin Sarkin Gombe Abubakar Umar. Daga nan ya nufi arewa ta Bajoga, ya ƙetare kogin Gongola, ya bi ta Buni, ya tsaya a Maiduguri a 1964. Tsawonsa kimanin kilomita 640 ne, kuma da shi ne jimillar dogon ƙasar nan ta kai kilomita 3,505. A kan hanyarsa ta zuwa Barno ya wuce ba da nisa ba daga Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama a hannun sojojin Turawa a 1903. Shekara sittin ke nan tsakanin zuwan bindigar Turawa da zuwan jirginsu.

Fatan da aka yi wa layin babba ne. An sa rai zai kwashi audugar Gombe da gyaɗar Barno da shanu da fatu da busasshen kifin tafkin Chadi, har ma ya jawo cinikin ƙasar Chadi da arewacin Kamaru zuwa tashoshin ruwan Nijeriya. Amma idan muka lura, ko da yake 'yan ƙasa ne ke riƙe da mulki lokacin da aka gama shi, tsarinsa na zamanin Turawa ne. Da ƙaramin faɗi aka gina shi, kuma fuskarsa teku take kallo. Mutumin Gombe da yake son zuwa Kano a jirgi sai ya bi ta Bauchi da Kuru da Kafancan da Kaduna da Zariya, alhali mai mota yakan yanke ta Dukku da Darazo ya isa a yini guda. Yola kuwa, wadda take maƙwabciyarmu ta fuskar kudu maso gabas, ba ta taɓa ganin dogo ba.

Yadda Layin Yake Aiki

Domin amfanin waɗanda ba su riski zamanin ba, yana da kyau mu ɗan bayyana yadda ake tafiyar da jirgi a irin wannan layi. Dogon tilo ne, wato hanya guda ce mai zuwa da mai dawowa suke bi. Saboda haka a kowace tasha akan yi wani ɗan reshe inda jirgi ɗaya zai raɓe ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Direba ba ya barin tasha sai shugaban tasha ya yi magana ta waya da takwaransa na gaba ya tabbatar hanya a buɗe take, sa'an nan ya miƙa masa wata alama ta ƙarfe wadda ita ce izinin shiga wannan zango. Muddin alamar tana hannun wani direba, ba a sakin wani jirgi a zangon. Wannan tsari yana kare rayuka, amma yana da tsada ta fuskar lokaci: idan jirgi ɗaya ya lalace a daji, duk na bayansa da na gabansa sai su tsaya cik.

Bayan direba da shugaban tasha akwai mai tsaron jirgi da ke tarago na ƙarshe da tutocinsa ja da kore, da masu juya dogo, da masu duba tikiti, da makanikai. Akwai kuma rukunin leburorin diga, waɗanda aka raba wa hanya zango-zango, kullum suna bi suna ɗaure ƙusoshi suna gyara tsakuwa, musamman da damina lokacin da ruwa kan zaizaye ƙarƙashin dogo. Babban ofishin hukumar yana Ebute Metta a Legas, an kuma raba ƙasa shiyya-shiyya, Gombe tana ƙarƙashin shiyyar Arewa maso Gabas mai mazauni a Bauchi. Tun daga 1955 aka soma shigo da kawunan jirgi masu shan man dizal suna maye gurbin masu cin kwal sannu a hankali.

Taragon fasinja hawa-hawa ne, daga na masu hali inda akwai wurin kwanciya zuwa na talakawa inda ake zama a kan benci tare da ƙunshin kaya. Tafiya daga Maiduguri zuwa Fatakwal kilomita 1,443 ce, kuma saboda yawan lanƙwasa da hawa da gangara da jiran juna a tashoshi, sai an kwana a hanya. Duk da haka talaka ya so jirgi, domin kuɗinsa kaɗan ne, kuma yana ɗaukar kayan da mota ba za ta karɓa ba. Kowace tasha takan zama 'yar kasuwa sa'ad da jirgi ya tsaya, masu tallar ƙosai da fura da dafaffen ƙwai da rake suna bin tagogi.

Ya kamata mu ƙara da cewa kuɗin fasinja bai taɓa riƙe jirgin ƙasa ba. Kayan nauyi masu tafiya mai nisa su ne abincinsa. Gyaran dogo da albashin ma'aikata ba sa raguwa ko jirgi goma ne suka wuce a yini ko ɗaya ne a mako. Saboda haka idan kaya suka yi yawa, kuɗin ɗaukar kowane buhu yakan faɗi ƙasa da na mota nesa ba kusa ba. Idan kuwa kaya suka ragu, asara takan hau asara. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗin fahimtar abin da ya biyo baya.

Gajeren Zamani

Ba shakka jirgi ya amfani Gombe. Ya sauƙaƙa fitar da auduga da gyaɗa da hatsi da dabbobi, ya kuma kawo gishiri da kananzir da kwanon rufi da goro da manja a kan farashi mai rahusa. Ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassan ƙasa dabam-dabam waɗanda suka zauna suka hayayyafa, garin ya ƙara zama mahaɗar jama'a. Matsayin da Gombe ta samu na cibiyar ciniki, wanda ya taimaka mata ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, yana da kason jirgi a cikinsa.

Amma mu dubi shekarun da kyau. Jirgi ya iso mana a 1963. A 1964, shekarar da layin ya isa Maiduguri, hukumar ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3 a faɗin ƙasa. Shekara biyu bayan haka, a 1966, rikicin siyasa da kashe-kashe suka sa dubban mutanen Gabas suka bar Arewa, cikinsu har da ɗimbin ƙwararrun ma'aikatan reluwe. Daga 1967 zuwa 1970 yaƙin basasa ya datse hanyar Fatakwal, wadda ita ce ƙofar teku mafi dacewa da layinmu, ya kuma lalata gadoji da kawunan jirgi. Wato shekara uku kacal Gombe ta mori layin a yadda aka tsara shi kafin ƙasa ta rikice. Zuwa 1974 yawan fasinja ya sauko zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma zuwa tan miliyan 1 da ɗoriya.

Bayan yaƙi sai abincin jirgin ya soma ƙarewa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen fitar da ita waje, dalar Kano ta ɓace. Kuɗin man fetur ya kawar da hankalin gwamnati daga noma, ya kuma ba ta halin shimfiɗa manyan titunan kwalta. Tirela ta shigo da ƙarfinta, tana shan mai mai arha, tana ɗaukar kaya daga ƙofar ɗan kasuwa ta sauke a ƙofar mai saye cikin kwana biyu, ba jiran tarago, ba cike takardu. Man fetur ɗin ma da jirgi yake kawowa Arewa aka shimfiɗa masa bututu zuwa rumbunan ajiya, har da na Gombe. Audugar da ta rage kuma masaƙun Kaduna da Kano ne ke sayenta, tafiyar da mota ta fi jirginmu iya yi saboda kewayen da muka ambata. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona waɗanda su ne ke tara kaya da yawa a wuri guda su ba jirgi. Kamfanin siminti na Ashaka, wanda ya soma aiki a 1979 kuma aka ja masa reshen dogo, shi ne babban kayan nauyin da ya rage a wannan yanki, amma shi ma daga baya tirela ce ta gaje shi.

A nan ne sakaci da almundahana suka sami wurin shiga. Hukumar da kuɗin shigarta ya ragu ta kasa sayen kayan gyara, jirage suka yi ta lalacewa, lattin sa'o'i ya koma na kwanaki, masu kaya suka ƙara gudu. An ɗauko ƙwararru daga Indiya sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan gyaru, suna tafiya aka koma gidan jiya. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar ta durƙushe, albashi da fansho suka gagara, aka sallami dubban ma'aikata. An naɗa Samuel Ogbemudia ya riƙe ta daga 1989 zuwa 1992, sa'an nan a 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙulla yarjejeniyar gyara da kamfanin CCECC na ƙasar Sin. Kowane yunƙuri yakan sayo sababbin kawuna da taragai, amma babu wanda ya amsa tambayar abin da za su ɗauka. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 shi ne ya ƙarasa rufe hanyar Maiduguri.

Sabon Zamani da Matsayinmu a Cikinsa

A 'yan shekarun nan Nijeriya ta koma gina dogo, amma mai babban faɗi na milimita 1,435. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Warri zuwa Itakpe a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021. A 2021 ɗin ne kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina. Duk waɗannan suna ɓangaren yamma da tsakiya ne. Mu namu rabon shi ne bikin da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi a watan Maris na 2021 na soma sake gina tsohon layin Fatakwal zuwa Maiduguri a kan ƙaramin faɗinsa na da. A 2024 aka buɗe sashen Fatakwal zuwa Aba, mai tsawon kilomita sittin da 'yan kai, daga cikin 1,443. Mai lissafi ya lissafa.

Akwai kuma wani canji da bai sami kulawar da ta dace ba. A watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, aka cire harkar dogo daga jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, jihohi ma suka sami damar shiga. Gombe ita ce a tsakiyar jihohin Arewa maso Gabas, tana iyaka da sauran biyar ɗin duka: Bauchi da Yobe da Barno da Adamawa da Taraba. Idan akwai garin da ya kamata ya jagoranci tunani a kan dogon wannan yanki, to namu ne.

Kammalawa

Mun ga yadda aka gina dogon Nijeriya don ya kai amfanin ƙasa bakin teku, da yadda ya ɗauki shekara hamsin da biyu daga isarsa Kano kafin ya iso Gombe, da yadda yaƙi da fari da fetur da tirela suka janye masa abinci tun bai gama zama ba. Darasin da muka ɗauka shi ne, jirgi yana rayuwa ne da abin da yake ɗauka. Saboda haka idan muka tashi roƙon a dawo mana da shi, sai mu haɗa da tambayoyin da ba a yi ba a 1958. Me zai ɗauka, kuma ina zai kai? Kayan suna nan. Duk wanda ya tsaya a Tudun Hatsi ya ga motocin da ake lodawa masara da wake da gero, ko ya ƙirga tirelolin siminti da na shanu da suke farfasa titunanmu suna cin rayuka, ya san haka. Sai dai mafi yawan waɗannan kaya kasuwannin cikin gida suke nufa, Kano da Yola da Maiduguri da biranen Kudu. Layin da za a sake ginawa a kan tsohuwar taswira ba tare da an sada shi da waɗannan kasuwanni kai tsaye ba, tsohuwar ƙaddara za ta same shi.

Kafin wannan rana ta zo akwai nauyi biyu a kanmu. Na farko shi ne kare filin dogon kansa, domin hanyar da aka bari aka yi gini a kanta sai an rushe gidajen mutane kafin a dawo da ita. Na biyu ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe da adabi. Tsofaffin direbobi da shugabannin tasha da leburorin diga da matan da suka yi talla a bakin tarago suna nan a unguwanninmu, amma kullum raguwa suke yi. A bakinsu akwai kalmomin sana'a da waƙoƙin aiki da labaran tafiye-tafiye waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri su ɗauki na'urar naɗar magana su je su zauna da su tun da sauran dama. Allah ya jiƙan waɗanda suka haƙa wannan hanya da guminsu, ya kuma nuna mana ranar da za a sake sayar da tikiti a tashar Gombe.